Kafin Ka Ajiye Aiki: Yadda Ake Sauya Sana'a Ta Hannun Mutane

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen barin aiki ya tashi daga bakin marasa haƙuri ya koma bakin kowa. Malamin firamare da ya tsufa da alli a hannu, akawun ƙaramar hukuma, ma'aikacin banki da ake ɗora wa nemo ajiya duk wata, kowa lissafi ɗaya yake yi idan ya kwanta. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma duk mai zuwa cefane ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa. Wasu kuma ba kuɗin ne ya dame su ba, aikin ne ya fita daga ransu.

Yawancin masu wannan tunani da tambayar jari suke farawa: ina zan samu miliyan biyu? A ganina sun yi gaggawa. Tambayar da ta riga ta ita ce, wa zai shigar da ni? A Kantin Kwari, ko Dawanau, ko Singa, ko Panteka ta Kaduna, da wuya ka ga wanda ya tsaya da ƙafarsa alhali babu wanda ya riƙe hannunsa ranar farko. Mai kuɗin da ya shigo shi kaɗai, yawanci shi ake koya wa darasi da kuɗinsa. Matakan da ke tafe na mai albashi ne da yake son komawa kasuwa ko sana'ar hannu, amma wanda zai tashi daga wani aikin ofis zuwa wani zai iya ɗaukar mafi yawansu.

Mataki na farko: gane abin da kake gudu

Ka zauna kai kaɗai da takarda ka amsa wannan da gaskiya: kuɗin ne bai isa ba, ko shugaban ne ya ishe ka, ko aikin kansa ne ba ka so? Kowanne da maganinsa. Wanda shugaba ya takura wa, canjin wurin aiki zai iya wadatar da shi, kuma shugabanni ma ana yi musu canji. Wanda kuɗi ne matsalarsa, wataƙila ƙari yake buƙata a gefe. Na ukun ne kaɗai ya kamata ya yi tunanin tattara komatsansa gaba ɗaya.

Sannan ka rubuta abin da mutane suke zuwa wajenka dominsa ba tare da ka yi talla ba. Kai ake kira idan wayar wani ta rikice? Kai ake ba kuɗin ƙungiya ka riƙe? Ke ake roƙa ki yi girkin suna? Jama'a sukan riga mutum gane inda yake da hannu.

Mataki na biyu: ƙirga mutanenka kafin ka ƙirga kuɗinka

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za a cika taragai da ita, sai gyaɗa ta ƙwace filin. Waɗanda suka fi cin moriyar sabuwar harkar tsofaffin fataken goro ne da suka saba da hanyar Gwanja, irin su Alhassan Dantata. Ba su fi kowa sanin gyaɗa ba. Abin da suke da shi shi ne yara a ƙauyuka, da masu masauki, da suna mai kyau da ake ba su bashi saboda shi. Kaya suka sauya, mutanensu na nan yadda suke. Kai ma da za ka bar aji ko ofis, akwai abin da zai bi ka wanda ba ya cikin takardar sallama.

Ka ɗauki littafi ka jera sunaye. Kada ka tsaya a kan 'yan uwa da aminai. Ka bi ta 'yan ajinku na sakandare, waɗanda kuka yi hidimar ƙasa tare, iyayen yaran da ka koyar, mutanen masallacin unguwa, 'yan majalisar da kuke zama da yamma, surukai, maƙwabtan tsohon gidan da ka tashi, har direban da ya saba kai ka garinku. A gefen kowane suna ka rubuta abin da yake yi da kuma wanda ya sani. Za ka yi mamakin yawansu.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincike a 1973 da ya nuna cewa waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani mutum, mafi yawansu ta hannun wanda ba su cika haɗuwa da shi ba suka samu. Dalilin a fili yake. Amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake zuwa nan yake zuwa. Wanda kuke gaisawa sau biyu a shekara, a ɗaurin aure ko wajen ta'aziyya, shi ne yake cikin wata duniya da ba ka da labarinta.

Nan ne kuma matsala take fitowa. Akwai mutanen da ka yi shekara biyar ba ka neme su ba. Idan ka kira yau, gobe ka kawo buƙata, kowa zai gane. Zumunci a ƙafa yake, kuma ba a gyara shi rana ɗaya. Ka fara da gaisuwa zalla. Wanda aka yi wa rasuwa ba ka je ba, ka je yanzu ka ba da haƙuri. Wanda aka yi wa haihuwa, ka yi barka ko da yaron ya fara tafiya. Ka ba wannan matakin wata biyu ko uku kana cikin aikinka. Idan a ƙarshe ba ka sauya sana'ar ba ma, ba ka yi asarar komai ba.

Daga cikin jerin, ka fitar da mutum biyar zuwa goma da suke cikin harkar da kake hange, ko suke da wanda yake ciki.

Mataki na uku: yadda ake zuwa wajen mutum

Lokacin da Abdurrahman bin Auf (Allah ya ƙara masa yarda) ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, ɗan'uwan da aka haɗa shi da shi, Sa'ad bin Rabi'i, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ya tafi, ya dawo da ribar cuku da man shanu. Kowa ya san wannan ƙissa, amma kaɗan ne suke aiki da ita idan sun je gaban mai hali.

Babban ɗan kasuwa a garuruwanmu yana jin roƙo tun daga ƙofar gidansa da asuba har ya kwanta. Da ya hango baƙo da takarda a hannu, ya riga ya shirya amsar "sai dai a yi haƙuri, kasuwa ba daɗi". Idan ka nemi kuɗi ko aiki, ka shiga layin da ya gaji da shi. Wanda ya zo neman sani kuwa ba shi da abokin layi, kuma mutane suna jin daɗin a tambaye su abin da suka ƙware a kai.

Kada ka je kai tsaye idan akwai wanda zai gabatar da kai. Da ɗan gari akan ci gari. Ka roƙi wanda ya haɗa ku ya kira tukuna, ka kuma tambaye shi lokacin da ƙafa take ɗaukewa a shagon, don kada ka tsaya wa mutum a ka yana tsakiyar ciniki. Bayan gaisuwa, maganarka kada ta wuce irin wannan: "Alhaji, ni ƙanin wane ne, shi ya turo ni wajenku. Koyarwa nake yi. Ba kuɗi na zo nema ba, harkar nan taku nake sha'awa, na ce gara in ji daga bakinku kafin in jefa kaina inda ban sani ba. In da hali ku ba ni minti goma."

Tambayoyin da za ka yi su ne za su nuna ko da gaske kake. Kada ka tambayi nawa yake samu, ba zai faɗa ba, kuma za ka zubar da kanka. Ka tambayi mafi ƙarancin jarin da mutum zai fara da shi bai wulaƙanta ba. Ka tambayi watannin da kasuwar take mutuwa, domin kowace sana'a tana da nata: tela da ɗan Kwari ba su da lokacin kansu daga azumi zuwa salla, sannan a shiga zaman jiran tsammani, mai haɗa sola kakarsa lokacin zafi ce, daga Maris zuwa Mayu, mai ajiyar hatsi yana saye da kaka yana jiran tashin farashi, wanda ba kullum yake zuwa ba, kamar yadda masu ajiya suka gani a 2025 da farashi ya faɗo. Ka tambayi yadda ake fama da bashin kwastomomi. Tambayar da ta fi duka amfani ita ce: "Waɗanda kuka ga sun shigo sun karye, me ya karya su?" A nan dattijo yake gyara zama, ya ba ka a minti ashirin abin da za ka biya dubban ɗaruruwa kafin ka koya.

Kafin ka tashi ka ce: "Akwai wanda kuke ganin ya kamata in ƙara gani?" Kowane zama ya haifar maka da wani. Bayan kwana biyu ka kira ka yi godiya, idan kuma ka je wajen wanda ya tura ka, ka dawo masa da labari. Wannan ɗan abin shi ne yake raba wanda ake mantawa da wanda ake cewa "yaron nan yana da hankali".

Mace da take son shiga sana'a, hanyar ɗaya ce, ƙofofin ne suka bambanta. Islamiyya, gidan biki, ƙungiyar adashi da zaurukan WhatsApp na 'yan uwa cike suke da matan da suke juya kuɗi daga cikin ɗakunansu, masu atamfa da turaren wuta da kayan kicin da abincin saye. Dillaliyar unguwa ta san abin da yake tafiya da abin da ya kwanta fiye da kowa. Idan namiji ne za a gani a kasuwa, a tafi da miji ko ɗan'uwa, ya fi kwanciyar hankali ga kowa.

Mataki na huɗu: ka zama yaro kafin ka zama mai gida

Wannan shi ne matakin da masu digiri suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Gani ya kori ji. Duk abin da aka gaya maka a zaune, sai ka yini a rumfa za ka san ko jikinka da ranka za su ɗauka. Akwai wanda yake mafarkin kiwon kaji har ranar da ya kwana yana duba 'yan tsaki, ya wayi gari ya kwashe matattu. Akwai mai sha'awar gyaran waya da bai san ba zai iya zama awa takwas a sunkuye a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ba.

Daga cikin waɗanda ka gana da su, ka zaɓi wanda ya fi sakin fuska kuma ake yaba amanarsa, ko da ba shi ne ya fi kuɗi ba. Ka roƙi ya bar ka ka riƙa zuwa Asabar da Lahadi, ko ka ba shi hutunka na shekara gaba ɗaya, ba tare da ya biya ka ba. Malaman makaranta suna da dogon hutu, su yi amfani da shi. Ka sani za a aike ka sayen abinci, za ka ɗauki kaya, kuma mai koya maka zai iya zama sa'an ƙaninka wanda bai gama sakandare ba. Ka ajiye digirin a gida. Ranar da ka ce "ai a jami'a ba haka aka koya mana ba", ranar koyonka ya ƙare. Abin da za ka iya yi shi ne ka biya da abin da kake da shi: ka gyara masa littafin bashi, ka rubuta masa wasiƙa, ka koya wa ɗansa lissafi. Shaguna da yawa suna juya miliyoyi babu rubutaccen lissafi, kuma mai ilimin da bai raina mutane ba yana da daraja a irin wannan wuri.

Ma'aikacin gwamnati ya lura da doka. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999 sun hana mai cikakken aikin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Kowa ya san yadda ake yi wa wannan doka a aikace, amma ranar da wani ya so ya ga bayanka, da ita zai kama ka. Zuwa kallo da koyo a ranakun hutu daban, buɗe shago da sunanka daban.

Idan sana'ar hannu ce, akwai hukumomin da aka kafa domin horaswa, irin su NDE da ITF, akwai kuma jarabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda takardarta take amfani ranar da za ka nemi aikin kamfani ko kwangila. Ka karɓi takardar idan ta samu. Sai dai kwas ɗin wata uku ba ya kawo kwastoma. Ubangidan da zai ce "je ka yi wannan aikin, ka ce ni na turo ka" shi yake kawowa.

Mataki na biyar: gida

Kada matarka ta ji a bakin wani. Ita ce za ta ga tukunya ta sauya kafin kowa, don haka ita ce ta farko da za a zauna da ita da alƙalami: haya, cefane, kuɗin makaranta, magani, abin da ake tura wa iyaye. Ku fitar da abin da gida yake ci a wata, ka ninka shi sau shida aƙalla. Wannan kuɗin daban yake da jari, kuma idan ba ka tara shi ba, lokacin fita bai yi ba. Abin da ya fi karya sabon ɗan kasuwa shi ne cin uwar kuɗi, yau a zari na shinkafa, gobe na asibiti.

Iyaye kuwa, musamman waɗanda suka sha wahala kafin ka samu aikin, za su ce kada ka saki reshe ka kama ganye. Suna da gaskiyarsu. Gardama ba ta sauya ra'ayin tsoho, amma idan ubangidan da kake koyo a wajensa ya zo ya gaishe su da kansa, ko wani kawu da suke jin maganarsa ya yi bayani, sukan sauko. Ka yi istihara, ka nemi albarkarsu, kada ka fita da fushinsu.

Mataki na shida: kuɗin mutane

Idan an ga ka jure, wani zai yi maka tayi: ubangida ya ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, ko ɗan'uwa ya zuba jari. A fiƙihu akwai tsarin ƙiradi, inda wani yake kawo kuɗi wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, asara kuma ta hau kan mai kuɗi muddin mai aiki bai yi sakaci ko ha'inci ba. Yawancin rigimar da take raba 'yan uwa daga nan take tasowa: mai kuɗi yana ɗauka bashi ya bayar, mai aiki yana ɗauka haɗin gwiwa ne, babu wanda ya furta saboda kunya.

Ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu wanda zai ce ka raina shi saboda ka kawo takarda. A faɗi nawa ne, na mene ne, yaushe za a yi lissafi, me zai faru idan an faɗi, a sa hannu gaban mutum biyu. Ka buɗe asusun banki na sana'ar daban da naka. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana iya jira har ka ajiye aiki, amma mai sarrafa abin ci ko sha na leda ko kwalba ya san da NAFDAC tun da wuri. Bashin manhajojin waya masu ruwa kuwa, ka nisance shi ko da jari ya gagara, domin idan ka makara, mutanen da ka sha wahalar tarawa su za a bi da saƙonnin tozarci.

Mataki na bakwai: fita ta ƙofa

Ka fara bincika ko wurin aikinku yana ba da hutu ba albashi. Idan yana bayarwa, ya fi ajiye aiki nan take. Idan babu, ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga wa'adin sanarwa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta sa mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar ko fiye, amma yarjejeniyarka za ta iya neman fiye da haka, aikin gwamnati kuma yana da nasa ƙa'idojin. Wanda ya kusa cika shekarun fansho ya je ofishin da abin ya shafa ya ji abin da zai rasa kafin ya rubuta komai, wani lokacin haƙurin shekara biyu ya fi riba.

Wanda yake cikin tsarin fanshon da ake tarawa a asusu ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, dokar 2014 ta ba shi damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara ba, idan bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Jihohi kuwa kowace da nata tsarin. Shawarata kada ka gina lissafinka a kan wannan kuɗi, ka bar shi ya zama na ranar da ta ɓaci.

Ka miƙa aiki a tsare, ka biya bashin ƙungiyar ma'aikata, ka bi ofis-ofis ka yi sallama har da masinja da mai gadi. Shugaban da ya ƙuntata maka ma ka shiga ka gode masa, kuma ka riƙe bakinka a Facebook. Abokan tsohon aikinka su ne kwastomominka na farko, kuma su ne za su kira ka idan wata dama ta taso.

Mataki na takwas: shekarar farko

Tsofaffin abokan aikin nan za su zo, kuma da yawansu da "sai an yi albashi" za su zo. Ka yanke tun farko iyakar bashin da za ka iya bayarwa, ka rubuta kowanne a gaban mai karɓa, idan an cika iyakar ka ce kayan ba naka ba ne kai kaɗai, wanda gaskiya ne in da kuɗin wani a ciki. Ka yanka wa kanka albashi ƙayyadadde daga sana'ar, kada ka wuce shi ko da an yi ciniki mai kyau.

Ka ci gaba da zuwa gaishe da ubangidanka ko bayan ka buɗe naka wurin, kada kuma ka janye masa kwastoma. Idan aiki ya fi ƙarfinka, ka tura masa ko ka kira shi ku yi tare. Ka shiga ƙungiyar 'yan sana'ar ka riƙa biyan kuɗinta, domin ranar rigima da mai shago ko jami'an haraji su ne za su tsaya maka.

Ka sa ranar lissafi bayan wata shida, wata kuma bayan shekara, ka gayyaci ubangidan ko wani da ba ya jin kunyarka ya duba littafin tare da kai. Abu uku za ku duba: uwar kuɗi tana nan ko ta ragu, kwastomomi nawa ne suka dawo da ƙafarsu karo na biyu, da kuma nawa ne a waje a hannun masu bashi. Idan jari ya ragu da kashi ɗaya cikin uku kuma ba a lokacin mutuwar kasuwa ake ba, ka dakatar da sabon sari har sai kun gano ta inda yake zuba.